Bular da Inna Ke Sa wa Mayafinta

Shekarun baya, tun ina sabuwar hannu a ɗakin kwamfuta na kamfanin da nake aiki a Sharaɗa, wani hoto guda ɗaya ya taɓa hana ni sakat. Jiya ina shanya, iska ta ɗebo wani farin mayafi daga igiya ta lulluɓe min fuska da shi, sai abin ya dawo min ɗanye shar. Na ce to bari in ba ku labarin, tunda kun ishe ni da tambayar yadda aka yi mace mai jikoki ta koyi gyaran hoto.

Ni dai ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Ajin yaƙi da jahilci na fara, ina riƙe fensir kamar muciya, malamarmu tana ɓamɓare min yatsu ɗaya bayan ɗaya. A kamfanin kuwa naɗe kwali nake yi. Kwalayen sabulu muke bugawa, da ledojin biskit da na taliya. Kullum in zan wuce sai in tsaya a ƙofar ɗakin da ake haɗa launi, in yi ta leƙe, har shugabar ɗakin ta gaji da ganin rabin fuskata a jikin gilashi. Mutuniyar Kudancin Kaduna ce, Kirista, doguwa, ba ta da yawan dariya amma in ta yi sai an ji ta a bakin get. Ina kiranta Madam, ita kuma tana kirana Hajiya, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Wata rana ta buɗe ƙofar ta ce, "Hajiya, ko ki shigo ko ki tafi, kina ɓata min gilashi da numfashi." Na shiga. Ban sake fita ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, aikin tsince zoɓo ta yi a wani babban sito a Bompai. Waɗanda suka san wurin sun san yadda mata ke zama layi-layi a ƙasa, kowace da farantinta, suna fitar da tsakuwa da kara da ƙasa kafin a ɗura a buhu a loda wa manyan motoci. Hannayenta kullum ja ne har wuyan hannu, kamar wadda ba ta rabuwa da lalle. Amma duk da haka da farin mayafi take zuwa aikin. Matan sito har tsokanarta suke yi, wai wa ke shiga cikin zoɓo da fari. Sai ta ce musu, "Aikin ne mai datti, ba ni ba."

Inna ba ta son hoto. In ta ga an ɗaga waya sai ta juya ƙeya. Hoton da muke da shi nata guda ɗaya ne tak, ƙanwata ce ta sace shi da wata ƙaramar waya ranar da ta kai mata abinci sito. Inna na zaune a gaban tulin zoɓo, faranti a cinya, ta ɗago kai kamar an kira ta. Sai dai rufin siton nan na roba ne kore, irin wanda ake sa wa don rana ta ratso, saboda haka komai na hoton ya rine. Fuskarta duhu, mayafin kamar an jiƙa shi a ruwan gansakuka, zoɓon kuma kamar busasshen ganye. Bayan rasuwarta wayar ta lalace, hoton dai ya tsira ne don mun riga mun tura wa juna. A wayata kore yake fitowa, a ta ƙanwata ya ɗan yi shuni-shuni, a ta 'yata kuwa baƙi ne kawai da idanu.

Mun haƙura da shi a haka, har ranar da aka kai mahaifina asibitin ido.

Baba tsohon mai gadi ne, daga wani ƙauye na Jigawa ya zo Kano yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a bakin ƙofar kamfanonin Bompai, sannan ya zauna a ɗan gidansa ta wajen Hotoro. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci a ɓoye. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya rage kuma yana kan hanya, magani jinkirta shi kawai zai yi. Baba ya ce yanzu duniya yake gani kamar mai leƙe ta bakin tulu, gefe da gefe duk duhu, sai ɗan tsakiya.

A cikin adaidaita muna dawowa, muka wuce layin manyan motocin da ke jiran lodi. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kafin a kashe fitilar nan, ina so in ga uwarku."

Na ce, "Baba, ai ga hoton a waya, in nuna muku."

Ya ce, "Na ga wannan. Wannan wata mata ce a ƙarƙashin ruwa. Uwarku nake so."

Washegari na kai hoton wani shagon masu hoto a unguwarmu. Na ce a gyara, a wanke shi babba. Da na koma karɓa, mai shagon ya miƙo min yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Na duba. Wata farar mata ce sol, kumatu ja-ja, ba tabo ba layi, kamar 'yar tsanar shago.

Ya ce, "Hajiya, kin ga yadda na haska miki ita?"

Na ce, "Ni na ce maka a duhu take zaune? Uwata baƙa ce, malam. Baƙa mai sheƙi. Wa ya aike ka ka yi mata bilicin bayan ta mutu?"

Ya ce ai kowa haka yake so, amare har roƙonsa suke yi. Na ce to uwata ba amarya ba ce, kuma da tana raye da farantin zoɓo za ta kwaɗa masa. Duk da haka na kai wa Baba, ina cewa ko zai ɗan rage masa zafi. Ya kai shi kusa da ido, ya mayar nesa, ya ce, "Wannan 'yar wace ce?" Na karɓe abina na kifa a kan firji. Ban sake buɗe shi ba.

Ranar Litinin Madam ta same ni na zabga tagumi a gaban kwamfuta, hoton koren nan a buɗe. Na yi ta ƙara ja ina rage kore, in na gyara fuska sai mayafi ya ɓaci, in na gyara mayafi sai zoɓo ya koma kamar kashin awaki. Na ba ta labari. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Hajiya, in kin je Dawanau kin sayi kwanon gero, kin zo kasuwar unguwarku kin sake aunawa, daidai yake fitowa?"

Na ce, "Ina fa. Kowa da yadda ya bubbuge gindin kwanonsa."

Ta ce, "To haka wayoyin nan suke. Kowace na'ura da kwanonta. Wayarki ta ce ja, wayar ƙanwarki ta ce ja, injin bugawa ya ce ja, amma ja uku ne daban-daban. In kina gyara da kwanon kwamfutar nan, gobe injin zai auna da nasa, ki ga abin da ba ki shuka ba. Mu a nan sikeli muke hawa."

Sikelin nan shi ne abin da suke kira Lab. Na sha jin kalmar a ɗakin, ina zaton sunan wani sinadari ne. Ashe wata hanya ce ta faɗin launi yadda idon mutum ke ganinsa, ba yadda wata waya ko wani inji ke fitar da shi ba. Tambaya uku kawai ake yi wa kowane ɗigo na hoto. Nawa ne haskensa? Tsakanin kore da ja, ina ya karkata? Tsakanin shuɗi da rawaya, ina ya karkata? Amsoshin lambobi uku ne, kuma in kin faɗe su a Sharaɗa, wanda ke wata ƙasa ya san ainihin launin da kike nufi, ko da bai taɓa ganin wayarki ba.

Madam ta mayar da hoton kan wannan ma'aunin, ta ce, "Fara da haske kaɗai. Kada ki taɓa launi. A nan hanyarsu daban-daban ce, ɗaya ba ya jan ɗaya."

Na kama maus ɗin kwamfutar. Na ɗaga layin hasken a hankali, a wajen duhu-duhun kawai.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Kun taɓa tsayawa a bakin rijiya kuna jan guga, kuna ganin ruwan yana tahowa yana kaɗawa, sararin sama a cikinsa? Haka fuskar Inna ta riƙa tasowa. Goshinta ya fara fitowa, sai tsagar da ke gefen kumatunta, sai ɗan ramin da ke haɓarta wanda na manta da shi sam. Har yanzu kore ce, amma ita ce. Ƙarar injuna da ke bayan bango ta yi nisa a kunnena, na koma jin wani sauti kamar na busasshen zoɓo in ana juya shi a faranti, shaf, shaf. Sai da Madam ta taɓa kafaɗata na san ina ɗakin.

Ta ce, "Saura koren rufin. Nemo min abu ɗaya a hoton nan da kika tabbata fari ne tas, ko toka-toka, wanda ba ya karkata ko'ina. In mun gaya wa kwamfuta cewa wannan ne tsakiya, sauran duk za su bi shi su koma mazauninsu."

Ko tunani ban yi ba. Na ɗora yatsa a kan mayafin.

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Madam, uwata ce ko taki? Duk Bompai babu mai farin mayafi kamar nata."

Ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Na bar ki da uwarki."

Na mayar da lambobin mayafin tsakiya cif. Koren ya tafi kamar an yaye labule. Hoton ya yi wani ɗumi, ruwan zinariya-zinariya, kamar rana ce ta la'asar ta shigo siton. Na ga ya yi kyau, har na yi guɗa ƙasa-ƙasa. Madam ta ɗan karkata kai tana kallon farantin da ke cinyar Inna, ta buɗe baki za ta yi magana, na riga ta. Na ce a buga kawai, tsohona na jira. Ku da kuka san ni kun san in na ɗauko gudu ba a tare ni.

Ranar Asabar da hantsi na same shi a tsakar gida a kan tabarma, rediyo a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa. Ya daɗe yana kallo. Na ga leɓensa yana motsi. Na ce a raina shi ke nan, na gama.

Sai ya ce, "Ita ce." Ya ƙara kai hoton kusa da ido. "Amma ba ta da lafiya. Shawara ce ta kama ta? Dubi idonta, dubi fatarta. Yaushe ta yi wannan ciwon ba a gaya min ba?"

Na ce, "Baba, lafiyarta ƙalau a ranar. Hasken wurin ne."

Ya girgiza kai, ya kai ɗan abin da ya rage masa na gani kan mayafin. Ya ce, "Kuma wannan ba ita ta wanke shi ba. Wannan kalar kindirmo ce. Ina bular?"

Na ce, "Wace bula?"

Ya sauke hoton ya fuskance ni, kamar yadda yake yi in na yi shirme ina yarinya. "Ke a gidan wa kika girma? Uwarki ta taɓa shanya farin abu ba ta tsoma shi a ruwan bula ba?"

Wallahi sai na ji kamar an zuba min ruwan randa a ƙeya. Bula! Ɗan shuɗin garin nan da iyayenmu ke sa wa a ruwan ɗauraya na ƙarshe don fari ya yi ƙal. Mayafin Inna bai taɓa zama fari tsantsa ba, kullum da ɗan shuɗi-shuɗinsa. Ni kuwa da shi na buɗe ido, shi ne abin da ake kira fari a gidanmu, don haka ban taɓa ganin shuɗin ba. Na je na rantse wa kwamfuta cewa abu mai shuɗi shi ne tsakiya. Ita kuma baiwar Allah ta yarda da ni, ta zuba rawaya ta kashe shuɗin, rawayar ta bi fuska, ta bi ido, ta bi zoɓo. Da hannuna na sa wa uwata shawara.

Na yi dariya har da hawaye, Baba yana tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, 'yar bokonku ce ta ci ƙasa.

Sai dai dariyar ba ta daɗe ba. Na lura da yadda ya laluba kafin ya sami kofin shayinsa, kofin da ke gabansa. A makon da ya wuce ba ya lalube. Bakin tulun yana ƙara tsukewa.

Na tashi na shiga ɗakin Inna, na jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Mayafin na ciki, a ninke, da ƙanshin turaren wuta da ya tsufa. Amma zaman akwati ya sa ya dafe, ya koma kalar haƙori. Ko na kai shi kamfani a auna, ba launin ranar hoton zan samu ba. Sai an wanke shi yadda take wankewa. Na aika aka sayo bula a kanti, na ɗebo ruwa a baho, sannan na tsaya riƙe da ƙullin kamar sakarya. Nawa ake sa wa? Ni tun da sabulun gari ya zo na daina amfani da ita.

Baba ya ce daga kan tabarma, "Ba a zuba ta haka nan. A tsumma take ƙulle ta, ta riƙa kaɗawa a ruwan kamar mai kiran kifi."

Na yi hakan. Shuɗin ya riƙa fita daga tsumman yana murɗawa a ruwa kamar hayaƙi.

Ya ce, "Sai ta kamfata a tafin hannu ta ɗaga wa rana. In ruwan ya yi kalar sama bayan an ɗauke ruwa, amma zanen tafin hannunta na nan tana gani, to ya isa. In zanen ya ɓace, ya yi yawa."

Na ce, "Baba, ku da kuke wajen gadi, yaushe kuka san duk wannan?"

Ya ɗan gyara hularsa. Ya ce, "Ranar Lahadi take wanki. Ni kuma ina nan wurin, a kan tabarmar nan. Ita a zatonta rediyo nake ji."

Na sunkuyar da kai cikin bahon don kada ya ga fuskata ta canza.

Na farko ya yi yawa, mayafin ya fito kamar rigar 'yan firamare, sai da na sake wanke shi. A na biyu na kamfato ruwan na kawo masa har gaban ido, a cikin rana. Ya kama wuyan hannuna ya juya shi nan da can har ruwan ya shiga ɗan tsakiyar da yake gani. Ya ce, "Ƙara kaɗan." Na ƙara kaɗawa. Ya ce, "Tsaya nan."

Na tsoma, na matse, na shanya a igiyar da take shanyawa. Muka zauna ni da shi muna kallon mayafin yana bushewa. Iska na shiga cikinsa tana kumbura shi, ta sake shi, ta sake kumbura shi, kamar akwai mai numfashi a ciki. Wani lokaci sai ya juya gefe, ya yi daidai tsayin kafaɗarta. Rediyon kuwa a kashe yake, kuma bai kunna ba.

Ranar Litinin na shiga ɗakin launi da mayafin a jaka, da ɗan zoɓo a leda. Na gaya wa Madam abin da ya faru. Dariyarta ta kai bakin get kamar yadda na faɗa muku. Ta ce, "Dama na ga farantin nan ya koma kamar na tagulla, zan yi magana kika ce uwarki ce. Mu ma fa mamata haka take yi wa fararen kayan coci. Ni da ke duk 'ya'yan bula ne, Hajiya, kuma duk muka manta."

Ta ɗauko 'yar na'urar da muke auna launin kwali da ita, ba ta fi sabulun wanka girma ba. In an ɗora ta a kan abu sai ta ƙifta haske sau ɗaya, ta faɗi lambobin nan uku. Ta ninka mayafin, ta ɗora. Ta ce, "Na auna kwalin sabulu, na auna ledar taliya, yau kuma ga ni ina auna mayafin uwar mutum. Allah ya ba mu sa'a." Na ce amin.

Lambar ƙarshe ta faɗa ɓangaren shuɗi. Ba da yawa ba, ɗan taku kaɗan daga tsakiya. Wannan ɗan takun shi ne hannun Inna.

Na koma kan hoton na asali, na sake ɗaga hasken, sannan na ja launin har mayafin da ke cikin hoton ya tsaya inda na gaskiya ya tsaya. A wannan karon ban yi gaggawa ba. Madam ta ce in duba farantin, tunda na alminiyam ne, toka-toka ya kamata ya zama. Na ɗora maus a kansa, lambobinsa suka zauna dab da tsakiya. Muka auna zoɓon leda, muka duba na hoton, jansu ya zo kusa da juna, jan nan mai duhu kamar jinin da ya kwana. Abu uku sun ba da shaida ɗaya.

Saura fata, ita kuwa ba mu da abin aunawa. Na zauna ina kallon fuskar, ina tsoron kada son zuciya ya sa in ga abin da babu. Sai Madam ta ce, "Ba kin ce ke kika ɗauko kalarta ba? Miƙo hannu." Ta ɗora na'urar a bayan hannuna. Ta ƙifta. Muka duba kumatun Inna a hoton, inda haske ya sauka sosai. Lambobin ba su zama ɗaya ba, amma maƙwabtan juna ne, ƙofa da ƙofa. Baƙi mai ɗan ja a ƙarƙashinsa. Na daɗe ina kallon bayan hannuna kamar yau aka ba ni shi.

Daga nan muka mayar da hoton zuwa kwanon injin da zai buga, domin shi ma sai an gaya masa da yarensa, muka buga gwaji, muka fita da shi waje muka duba a hasken rana. Mayafin takarda da mayafin jaka suka tsaya gefe da gefe kamar 'yan biyu.

Ga shirmena na ƙarshe. Na ce tunda idonsa ya yi rauni, bari in buga shi ƙato, ya kusa rabin ƙofa. Ban yi tunanin cewa mai leƙe ta bakin tulu ba ya iya ganin babban abu gaba ɗaya ba. Da na jingina shi a bangon tsakar gida, ya tsaya a gabansa da sandarsa, sai na gane. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, bari in koma in yo ƙarami."

Ya ce, "Bar shi. Zan bi ta a hankali."

Daga ƙasa ya fara. Ya sami farantin. Ya hau zuwa hannayen, ya tsaya a nan, ya ce, "Ja har wuyan hannu." Ya bi gefen mayafin yana hawa, kansa na motsi kaɗan-kaɗan kamar mai karatu, ya ce, "Yawwa. Ita ta wanke wannan." Ya zo haɓa. Ya zo tsagar kumatu. Da ya iso idanun sai ya daina motsi.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a tsaye ba. Inuwar igiyar shanya dai ta matsa daga ƙafarsa zuwa jikin bango. Can na ji ya yi magana, ƙasa-ƙasa, da muryar da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba.

Ya ce, "Sannu da aiki."

Na zame na shige kicin na bar su.

Bai daɗe ba bayan nan fitilar ta ƙarasa mutuwa. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Hoton yana rataye a ɗakinsa, kuma duk baƙon da ya shigo gaisuwa sai ya nuna masa bangon da sanda, ba ya kuskure wurin. Ya ce, "Ka duba mayafin da kyau. Ka ga ɗan shuɗin? Bula ce." In baƙon ya ce bai gani ba, sai Baba ya ce, "To idonka ne, ni ina ganinsa." Haka ya yi ta yi har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansu su biyun, ya jiƙan naku.

Yanzu ni ce ke zaune a kujerar Madam, ta yi ritaya ta koma garinsu, muna gaisawa a waya tana tambayata ko har yanzu ba a tare ni in na ɗauko gudu. Masu koyon aiki in sun zo, ina koya musu sikelin nan da tambayoyinsa uku, domin gaskiya ne, ba ya canzawa daga na'ura zuwa na'ura. Amma ina ƙara musu da abin da na sha wuya kafin na sani. Sikelin ba ya ƙarya, sai dai abin da ka rantse masa a kai shi yake bi. Kafin ka nuna abu ka ce wannan fari ne, tambayi wanda ya wanke shi, ko wanda ya zauna yana kallo ana wankewa. In kuma mutum ya kawo min hoton uwarsa ya ce in haska ta, nakan ce masa zan fitar da ita daga duhu, amma ba zan fitar da ita daga fatarta ba. Wanda bai so ba, shaguna na nan da yawa.

Mayafin yana wurina. Ba na sa shi, amma ba na barinsa ya dafe a akwati. Lokaci-lokaci nakan fito da shi ranar Lahadi, in ƙulla bula a tsumma, in kaɗa, in kamfata in ɗaga wa rana har in ga zanen tafin hannuna ta cikin shuɗin. Shi ne wanda iska ta lulluɓa min jiya. Na tsaya a tsakar gida da shi a fuskata, da ɗan danshinsa, duniya duk ta koma fara mai shuɗi-shuɗi, jikata tana ja min zane tana cewa in cire. Na ce mata ta bari tukuna.